Yadda Makarantar Musulmi Ta Samu Kuɗin Gwamnati A Ikko

'Yan'uwana mata, da ku 'yan makaranta, yau zan kai ku Ikko ta zamanin dā, don ku ji wani labari na kuɗin makaranta.

Turawan Ingila sun karɓi Ikko a 1861. Da fari Gwamnati ba ta gina makaranta ko ɗaya ba. Ta bar wa 'yan Mishan wannan aiki, sai dai ta riƙa taimakonsu. A 1877 ta ba ƙungiyoyin Mishan uku fam 200 kowacce. A 1882 kuma aka kafa doka, aka ce za a riƙa biyan makarantu gwargwadon yaran da suka ci jarrabawar karatu da rubutu da lissafi, 'yan mata kuwa har da ɗinki.

To, ga inda gizo ke saƙa. Kuɗin nan daga kwastan ya fito, watau daga aljihun kowa, Musulmi da Kirista. Amma makarantun da suke cin gajiyarsa duk na Mishan ne, inda da addu'ar coci ake buɗe aji. Makarantar allo ko anini ba ta samu, don ba ta koyar da Turanci. Musulmin Ikko kuwa suna da yawa, Yarbawa da Hausawa da Nufawa, suka riƙe 'ya'yansu a gida. Kada ku yi saurin ce musu jahilai. Wace uwa ce za ta miƙa ɗanta inda take tsoron a sāke masa suna da addini?

Gwamna Carter ya ga abin ba ya tafiya. Aka sa wani masani baƙar fata, Dokta Blyden, ya zauna da malamai da manyan gari. Shi Kirista ne, amma ya san Larabci, yana kuwa girmama Musulmi. Aka daidaita a kan cewa Gwamnati za ta biya, yara su koyi Alƙur'ani da Larabci tare da boko, a hannun malamai Musulmi. A 1896 aka buɗe makarantar a Ikko, aka ɗora Idirisu Animashaun a kanta. Epe ta samu tata a 1898, Badagri a 1899. Iyayen da aka ce ba sa son ilmi sai ga su suna kawo yara da kansu.

Mu mata fa? Mishan sun buɗe wa 'yan mata makaranta a Ikko tun 1869, amma Gwamnati ba ta gina tata babbar makarantar mata ba, watau Queen's College, sai 1927. A ganina 'yar Musulmi ita ta fi kowa cutuwa a tsakanin nan, gama uban da ya yi shakkar tura ɗa namiji Mishan, balle 'ya mace.

Da Musulmin Ikko suka ga makarantun nan sun yi musu kaɗan, sai suka kafa ƙungiyar Ansar-ud-Deen a 1923, suka shiga tara kuɗi suna gina nasu.