Binciken Taɓin Hankali a Maiduguri da Ma'aunin da Ake Auna Shi

A jami'o'in zamani ana auna malami mai bincike da yawan maƙalun da ya wallafa a mujallun ilimi, da yawan lokutan da wasu masana suka kafa hujja da su a nasu rubuce-rubucen, abin da ake kira ambato, da kuma irin mutanen da ya yi aiki tare da su. A shekarar 2005 wani masanin kimiyya a Amurka, Jorge Hirsch, ya fito da ma'aunin "h", wanda ke haɗa yawan maƙalu da yawan ambato a lamba guda, ta yadda malamin da ma'auninsa ya kai 10 yana da maƙalu 10 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 10. Rumbunan intanet irin su Scopus da Google Scholar ne ke yin ƙidayar, kuma lambar takan yi tasiri wajen ƙarin girma da samun kuɗin bincike.

A Maiduguri binciken lafiyar ƙwaƙwalwa ya dogara ne kan Jami'ar Maiduguri, wadda aka kafa a 1975, da asibitin koyarwarta, da Asibitin Tarayya na Masu Taɓin Hankali, kuma likitocin da ke rubuta maƙalun su ne dai waɗanda ke wuni suna duba marasa lafiya, a jihar da rikicin Boko Haram ya raba jama'a masu ɗimbin yawa da gidajensu tun daga 2009. Wannan ne ya sa yawancin ayyukansu suka fito daga fayil-fayil na asibiti da tambayoyin da aka yi wa masu zuwa karɓar magani, domin irin binciken da ake iya yi ke nan ba tare da kuɗi mai yawa ba. A 2017 Ibrahim Abdu Wakawa da abokan aikinsa suka wallafa nazarin bayanan shekara huɗu na masu shan tiramol da aka duba a sashen masu shaye-shaye, kuma masu rubutu kan wannan ƙwaya a Afirka ta Yamma sukan koma gare shi, saboda bayanan asibiti daga yankin Tafkin Chadi ba su da yawa. Kafin wannan, a 2009, Jibril Abdulmalik da Olayinka Omigbodun da abokansu sun wallafa bincike kan shaye-shaye tsakanin almajiran birnin, ciki har da abubuwan da ake shaƙa irin su sholisho.

Ambato mai yawa kuwa ya fi zuwa ta hanyar haɗin gwiwa. Abba Wakil na Maiduguri yana cikin marubutan maƙalar 2007 kan yunƙurin kashe kai a Nijeriya, wadda ta fito daga babban binciken lafiyar ƙwaƙwalwa da Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranta a ƙarƙashin wani shiri na Hukumar Lafiya ta Duniya. Maƙala irin wannan tana fita a mujallar da manyan rumbuna ke ƙirgawa, masana a Ingila da Amurka su gan ta su ambace ta, alhali wadda ta fito a mujallar gida, irin su Borno Medical Journal, ko da ta fi taɓa rayuwar mutumin Bama ko Monguno, sau da yawa ba ta shiga ƙidayar yadda ya kamata.

A nan ne ma'aunin ke tauye likitan Maiduguri, domin abin da yake aunawa shi ne yawan masu karatu a inda ake yawan rubutu, kuma masu bincike kan firgicin 'yan gudun hijira da ke magana da Kanuri ko Shuwa ba su kai ko kusa da masu bincike kan ciwon damuwa a Turai ba. Haka kuma babu wata lamba da ke nuna aikin likitan da ya koyar da ma'aikatan ƙananan asibitoci yadda za su gane farfaɗiya da ciwon damuwa su kuma yi maganinsu bisa shirin mhGAP, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2008 kuma aka yi amfani da shi a Borno. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, tana buƙatar ainihin irin waɗannan bayanai na gida kafin a san adadin likitoci da gadaje da magungunan da arewa maso gabas ke nema, kuma ya dace kwamitocin ƙarin girma a jami'o'i su ba maƙalar da ta samar da su maki daidai da amfaninta.