BABI NA HUƊU: ZAƁEN SIFIRIN DA SHOKAZOBA GA MOTAR DAJI WADDA AKE HAWA KULLUM

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo sassan ƙafar mota da sunayen da kanikawa suke kiran su da su. A wannan babi kuwa za a yi bayani ne a kan yadda mai mota zai zaɓi sifirin da shokazoba idan ya yi niyyar ƙarfafa ƙafar motarsa. Motar da ake nufi a nan ita ce mai ja da ƙafa huɗu, wadda ake shiga daji da ita, kuma ita ce dai ake hawa kullum zuwa aiki da kasuwa. An ɗauki Toyota Hilux da Land Cruiser samfurin 70 a matsayin misali, domin su ne aka fi gani tun daga hanyoyin burji na ƙauyukan Arewacin Nijeriya har zuwa rairayin da ke tsakanin Agadas da Dirku a Jamhuriyar Nijar. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, nauyin da mota take ɗauka a kullum da irin hanyar da ta fi bi su ne ma'aunin zaɓe. Wanda ya yi zaɓe don tsayi ko ado kawai, yana iya asarar kuɗinsa, wani lokaci ma har da rayukan waɗanda ya ɗauko.

4.1 Aikin Sifirin da Aikin Shokazoba

Mutane da dama sukan ɗauka cewa aikin waɗannan abubuwa biyu ɗaya ne, alhali kuwa sun bambanta. Sifirin shi ne yake ɗauke da nauyin mota, shi ne kuma yake tsayar da ita a tsayin da ake ganin ta. Idan taya ta faɗa rami, sifirin yakan lanƙwashe ya sake miƙewa. Da za a bar shi shi kaɗai, sai motar ta yi ta lilo bayan an wuce ramin. Shokazoba ita ce take kashe wannan lilo. A cikinta akwai mai da fistin mai ƙananan ƙofofi, idan fistin ya motsa sai man ya kutsa ta ƙofofin da ƙyar, ƙarfin girgizar ya koma zafi ya fice.

Saboda haka, motar da bayanta ya zauna don lodi, sifirin take bukata, sabuwar shokazoba ba za ta ɗaga ta ba. Wadda kuwa take tsalle a kan gargada ko take rangaji a kwana, shokazobarta ya kamata a fara dubawa.

4.2 Irin Ƙafar da Mota ta Zo da Ita

Kafin a sayi komai, wajibi ne a san irin ƙafar da kamfani ya ƙera motar da ita. Land Cruiser samfurin 70 ta fito a shekarar 1984, kuma masu ɗaukar kaya daga cikinta sun zo da gatari miƙaƙƙe da sifirin mai falle-falle gaba da baya. A shekarar 1999 aka mayar da na gaba ya zama naɗaɗɗen sifirin, na baya kuwa aka bar shi yadda yake. Ita kuwa Hilux, wadda aka fara ƙerawa a 1968, ta bi matakai uku a ƙafarta ta gaba. Tsofaffin masu ja da ƙafa huɗu suna da gatari miƙaƙƙe, daga baya aka koma ga sandar ƙarfe mai murɗawa, sannan daga samfurin da ya bazu a 2005 aka koma ga naɗaɗɗen sifirin da shokazoba a cikinsa, inda kowace taya ta gaba take motsi ita kaɗai. Bayanta dai har yanzu sifirin mai falle-falle ne.

Muhimmancin wannan bayani shi ne, mota mai gatari miƙaƙƙe ta fi jure ƙarin tsayi, wadda kuwa tayoyinta na gaba suke motsi daban-daban tana da iyaka ƙarama, kamar yadda za a gani a 4.5.

4.3 Nauyi a Matsayin Ma'auni na Farko

Kowane sifirin yana da gwargwadon taurinsa. Alal misali, a ɗauka akwai sifirin da yake sauka milimita 1 idan an ɗora masa kilo 5. Idan aka ƙara kilo 200 a bayan mota, kowane ɓangare zai ɗauki kilo 100, wato bayan zai sauka da milimita 20 ke nan. Wannan ne ya sa kamfanonin da suke ƙera kayan ƙarfafa ƙafa, irin su Old Man Emu da Ironman 4x4 na ƙasar Ostareliya, suke kasa sifirin ɗinsu kashi-kashi: akwai na motar da ba ta cika ɗaukar kaya ba, akwai kuma na wadda ba ta rabuwa da ɗaruruwan kilo.

A nan ya kamata a bambanta nauyi na dindindin da nauyi na lokaci-lokaci. Na dindindin shi ne wanda ba a sauke shi, kamar bambar ƙarfe da safaya ta biyu da akwatin kayan aiki da ƙarin tankin mai. Lissafinsa ba shi da wuya: jarka huɗu ta ruwa mai lita 20 kilo 80 ne ban da nauyin jarkokin, lita 100 ta man dizal kuwa ta ɗara kilo 80 kaɗan. Na lokaci-lokaci shi ne kamar buhunan hatsi da ake ɗaukowa daga gona da kaka. Da nauyi na dindindin ake zaɓen sifirin, wato daidai ruwa daidai tsaki.

Idan aka sa sifirin mai tauri a motar da ta fi yawo ba kaya, ba zai lanƙwashe yadda ya kamata ba. Girgiza za ta riƙa shiga bodi kai tsaye, fasinja su jigata, kusoshi su kwance, sannan tayoyin baya su riƙa barin ƙasa a kan gargada, abin da yake sa bayan mota ya zame. Wannan illa takan biyo bayan al'adar nan ta ƙara falle ɗaya ko biyu a gareji ba tare da lissafi ba. Idan kuma sifirin ya yi laushi ga lodin, gatari zai riƙa dukan shasi, gaba ya ɗaga, sitiyari ya yi sako-sako.

Har ila yau, ƙarfafa sifirin ba ya ƙara iyakar nauyin da kamfani ya ƙayyade wa mota. Hilux tana ɗaukar kimanin tan ɗaya ne, a ciki har da direba da fasinja. Birki da gatari da shasi suna nan yadda suke ko da an sa wane irin sifirin.

4.4 Hanya a Matsayin Ma'auni na Biyu

Irin hanyar da aka fi bi ita ce take nuna shokazobar da ta dace. Shokazoba iri biyu ce mafi yawa. Akwai mai bututu biyu, ɗaya cikin ɗaya, wadda ta fi araha da taushi a kan kwalta, kuma ko dutse ya lotsa bututun waje fistin zai ci gaba da aiki. Rauninta shi ne zafi, domin idan aka daɗe ana gudu a kan gargada man yakan yi kumfa, ƙarfinta ya ragu. Akwai kuma mai bututu ɗaya, irin wadda kamfanin Bilstein na Jamus ya yi suna da ita, wadda aka raba mai da iskar naitirojin a cikinta. Wannan ta fi saurin fitar da zafi, sai dai idan bututun ya lotsa fistin yakan cije.

Bugu da ƙari, akwai mai ƙarin tulun mai a gefe, wadda aka yi domin doguwar tafiya da gudu a mummunar hanya. Tana da tsada, kuma tana bukatar a riƙa kwance ta ana sabunta mai da robobi. Mutumin da mafi yawan tafiyarsa a cikin gari take, sai ƙarshen mako ya leƙa ƙauye, mai bututu biyu mai kyau ta ishe shi. Wanda kuwa yake yin sa'o'i a kan burji da lodi a lokacin bazara, shi ne kuɗin da ya kashe a kan mai bututu ɗaya zai yi masa rana.

4.5 Ƙarin Tsayi da Abin da Yake Jawowa

Ƙarin tsayi yana hana ƙirjin mota da bamba taɓa ƙasa a kwazazzabo. Amma a mota mai gatari miƙaƙƙe, tulun giyar da ke tsakiyar gatari ba ya ɗagawa sai an sa taya mafi girma, kuma tayar da ta fi ta da tsayi da milimita 50 tana ƙara milimita 25 ne kacal.

Ga motar hawa kullum, ƙarin da bai wuce milimita 50 ba, wato inci biyu, shi ne ya fi dacewa. Idan aka zarce haka a Hilux ta zamani, shaf ɗin da suke kai ƙarfi ga tayoyin gaba sukan karkace da yawa, robobinsu su yage, mahaɗansu su ci da wuri. A Land Cruiser mai naɗaɗɗen sifirin a gaba kuwa, gatarin yakan ɗan juya, sitiyari ya daina komawa tsakiya da kansa. Haka kuma tiyon birki yana iya gajarcewa. Tsofaffin samfura suna da wani bawul mai auna lodi a baya, wanda idan an ɗaga mota ba a daidaita shi ba yakan rage ƙarfin birkin baya.

Babbar illa ita ce kifewa, domin duk yadda mota ta ƙara tsayi haka take ƙara sauƙin tuntsurewa a kwana. A shekarar 2016 mujallar motoci ta Teknikens Värld ta ƙasar Suwidin ta gwada Hilux a gwajin kauce wa abu ba zato, a gudun kilomita 60 a awa, sai tayoyinta biyu na gefe guda suka bar ƙasa. Wannan mota ce da ba a ƙara mata tsayi ba. Mai karatu zai iya kwatanta yadda lamarin zai kasance ga wadda aka ɗaga da inci huɗu kuma aka jibga mata kaya a sama.

4.6 Matakan da Ya Kamata a Bi

Na farko, a duba bushin da boljoyin da iskar taya, domin sau da yawa su ne tushen ƙorafin. Na biyu, a auna motar a sikeli da kayanta na kullum, gaba daban baya daban. Na uku, a sayi sifirin da shokazoba waɗanda aka yi su tafi tare, domin gajeriyar shokazoba a kan dogon sifirin takan tsinke. Na huɗu, a sauya hagu da dama a lokaci guda, a kuma ɗaure bushin bayan an sauke motar a kan tayoyinta. Na biyar, a yi alaimen, a saita fitilu, a sake ɗaure kusoshi bayan 'yan kwanaki. Daga ƙarshe, a yi la'akari da samuwar kayan a kusa, kamar a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, a kuma yi hattara da jabu, domin araha ba ta ado.

4.7 Naɗewa

A taƙaice, wannan babi ya nuna cewa nauyin dindindin shi ne yake zaɓen sifirin, hanya kuma ita take zaɓen shokazoba, tsayi kuwa a taƙaita shi gwargwadon bukata. A babi na gaba za a dubi taya da yadda girmanta yake shafar birki da shan mai.