Sabuwar waya da tsohuwar mota: dalilan da ke hana su jituwa

Yawancin motocin da ke yawo a titunan Kano, Kaduna, Maraɗi da Yamai sun yi shekaru suna aiki a Turai ko Amurka kafin a sauke su a tashar jiragen ruwa ta Kwatano ko ta Legas, kuma da yawa daga cikinsu suna ɗauke da na'urar da ke bai wa direba damar amsa kira ba tare da ya ɗauki waya a hannu ba. Alamar wannan na'ura ita ce maɓalli mai hoton kan tarho a jikin sitiyari, tare da ƙaramin makirufo da aka ɓoye a rufin mota kusa da madubin tsakiya. Sai dai masu irin waɗannan motoci sukan tarar cewa wayar da suka saya bana ta ƙi haɗuwa da motar, ko ta haɗu ta yanke, ko kuma ta amsa kira amma ta ƙi fitar da karatu ko waƙa ta lasifika. Mutane da dama suna yanke hukuncin cewa na'urar ta lalace, har su kashe kuɗi wajen mai aikin wayarin, alhali a mafi yawan lokuta babu abin da ya lalace, tazarar zamani ce kawai tsakanin mota mai iya shekara 20 a kan titi da waya wadda ake sauyawa bayan 'yan shekaru kaɗan.

Fasahar da ke haɗa su, wato Bluetooth, ta samo asali ne a kamfanin Ericsson da ke ƙasar Suwidin a shekarar 1994, kuma a 1998 kamfanoni biyar, Ericsson da Nokia da IBM da Intel da Toshiba, suka kafa ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojinta har zuwa yau. Gajeren rediyo ne da ke aiki a zangon gigahaz 2.4, wanda a wayoyin hannu ba ya wuce nisan kimanin mita 10, kuma domin kauce wa katsalandan daga wasu na'urori yana tsallakawa tsakanin ƙananan tashoshi 79 har sau 1,600 a cikin daƙiƙa ɗaya. An tsara shi ta yadda sabon samfuri zai iya magana da tsoho, don haka bambancin lamba tsakanin Bluetooth 5 na waya da Bluetooth 2.0 na mota ba shi ne ke hana haɗuwa ba, duk da cewa nan ne aka fi ɗora laifi.

Ainihin matsalar tana cikin abin da ake kira tsarin aiki, wato yarjejeniyar da ke fayyace irin hidimar da na'urori biyu za su yi wa juna bayan sun haɗu. Kowace hidima da nata tsarin, kuma dole ne ɓangarorin biyu su san shi kafin ta yiwu, kamar yadda fatake biyu za su iya gaisawa a kasuwa amma ciniki ya gagara idan ba su da harshe ɗaya. Tsarin HFP shi ne ke kula da kira: yana kai muryar mai kira zuwa lasifikar mota, yana ɗauko muryar direba daga makirufo, yana kuma bai wa maɓallin sitiyari ikon amsawa da katsewa. Tsarin A2DP shi ne ke ɗaukar sauti mai inganci irin na waƙa ko karatu, AVRCP yana ba da ikon tsayarwa ko tsallakawa zuwa na gaba, PBAP kuma yana kwafe sunaye da lambobin da ke cikin waya zuwa allon mota. Motoci da yawa na tsakiyar shekarun 2000 an ƙera su da HFP kaɗai, domin a lokacin ana ɗaukar waya abin kira ne, sauraro kuwa aikin kaset ne da faifan CD. Irin wannan mota za ta amsa kira lafiya, amma ba za ta fitar da waƙa ko karatu da sauti mai inganci ta hanyar Bluetooth ba, kuma babu wani saiti a cikin waya da zai koya mata abin da ba a gina ta da shi ba.

Akwai kuma wani tsari mai suna SAP, wanda ya fi yawa a wasu motocin Jamus, inda motar ke da tata wayar a ciki, sai ta ari bayanan katin layin direba ta yi kira da eriyarta ta waje. Dabara ce mai kyau a zamanin wayoyin Nokia, domin tana ƙara ƙarfin sabis a kan doguwar hanya, amma iPhone ba ya aiki da ita, kuma wayoyin Android da yawa ma ba su da ita. Motocin da suka girmi waɗannan kuwa suna da mazauni ne da ake cusa waya a ciki, wanda aka ƙera daidai jikin samfuri guda, kuma amfaninsa ya ƙare tare da wannan samfurin sai dai in an sami ƙaramar na'urar Bluetooth da aka yi domin ta zauna a gurbinsa.

Matakin farko na haɗawa, inda na'urorin biyu ke gabatar da kansu su ajiye mabuɗin sirri na gane juna, shi ma ya sauya. Kafin fitowar Bluetooth 2.1 a shekarar 2007, sai an shigar da lambar sirri, galibi 0000 ko 1234 ko wadda aka rubuta a littafin mota, yayin da sababbin na'urori ke nuna lamba shida a allo a tabbatar kawai. Tsohuwar mota takan buɗe ƙofar haɗuwa na ɗan gajeren lokaci ne, wasu kuma ba sa yarda a yi wannan aiki sai motar tana tsaye, wasu ma sai an ba su umarni da murya cikin Ingilishi ko Jamusanci. Bugu da ƙari, adadin wayoyin da take iya tunawa kaɗan ne, kuma motar da aka saya ta hannu takan zo da gurabenta cike da wayoyin masu ita na baya. Saboda haka abin da ya kamata a fara yi shi ne a goge dukkan tsofaffin wayoyi daga ƙwaƙwalwar motar, a goge sunan motar daga waya, sannan a sake haɗawa daga farko injin yana kunne. Idan haɗin yana yankewa jim kaɗan bayan ya kama, sau da yawa dalili shi ne waya tana ƙoƙarin tura dubban sunaye zuwa ƙwaƙwalwar da aka yi domin ɗaruruwa, kuma hana motar izinin karanta sunaye yakan kawo ƙarshen matsalar. Wannan batu yana da wata fuska da ake yawan mantawa da ita: wanda zai sayar da motarsa ya kamata ya goge sunaye da tarihin kiran da ta ajiye, domin lambobin iyalinsa da abokan hulɗarsa suna tafiya tare da ita.

Inda motar ba ta da tsarin da ake buƙata, hanyoyin cike giɓin sun bambanta a inganci. Mafi tsabtar sauti ita ce ƙaramar na'urar Bluetooth da ake sokawa a ramin AUX mai faɗin milimita 3.5, idan motar tana da shi. Mafi yaɗuwa a kasuwa kuwa ita ce wadda ake sokawa a ramin kunna sigari mai ba da wuta bolt 12, wadda ke karɓar sauti daga waya ta watsa shi a matsayin ƙaramar tashar FM da rediyon mota zai kama. Tana da araha, amma a birane masu tashoshi da yawa samun gurbin da babu kowa tsakanin megahaz 87.5 da 108 yana da wuya, kuma makirufonta yana can ƙasa kusa da giya, nesa da bakin direba, shi ya sa wanda ake magana da shi yakan ji ƙarar injin fiye da murya. Sauya rediyon gaba ɗaya da sabo mai Apple CarPlay, wanda ya fito a 2014, ko Android Auto na 2015, shi ne gyara mafi cika, sai dai a wasu motocin Turai rediyon yana haɗe da sauran kwamfutocin mota, har da lasifika ta igiyar haske, kuma yanke wayar lantarki ba bisa sani ba yana iya kashe maɓallan sitiyari ko ya bar wata na'ura a farke tana shanye batir cikin dare.

Duk wannan ƙoƙari yana da iyakar da bai kamata a ɓoye ta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, cewa direban da ke amfani da waya ya fi wanda ba ya yi kusantar haɗari da kusan ninki huɗu, kuma cewa wayar da ba a riƙe a hannu ba ta fi wadda aka riƙe aminci da wani abin kirki ba. Dalili shi ne na'urar tana 'yantar da hannu ne kawai, hankali kuwa yana can wajen wanda ake magana da shi, kuma motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. A Najeriya, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, tana lissafa amfani da waya yayin tuƙi cikin laifuffukan da ake cin tara a kansu. Direban da ya gyara na'urar motarsa ya yi daidai, domin ta fi laluben waya a aljihu, amma maganar ciniki ko ta rikicin gida da za ta ɗauki minti goma, wurinta gefen titi ne bayan an tsaya an kashe mota.