Shafinka Bai Fito a Google Ba? Kada Ka Taɓa Tsaronsa Tukuna

Wani saƙon murya yana yawo a zaurukan WhatsApp na matasan da ke haɗa wa makarantun kuɗi, ƙungiyoyi da gidajen rediyon karkara shafukan intanet, daga cikin garin Tawa har Barmu, Afala da Tabalak. Mai maganar, wanda bai faɗi sunansa ba kuma bai nuna shafi ko ɗaya da ya taɓa gyarawa ba, ya zo da zance uku. Na farko wai Google ba ya nuna shafin Nijar sai an biya shi: ƙarya ne, talla kawai ake saye, ita ma da alamarta a jiki. Na biyu wai ba ya karanta Hausa, alhali duk wanda ya taɓa neman labari da Hausa ya ga shafukan BBC da RFI sun fito masa. Waɗannan biyun ba su cuci kowa ba. Na ukun ne abin damuwa: wai matakan tsaro ne ke ɓoye shafi, don haka a cire https, a kashe katangar tsaro, a bar shafin a buɗe har Google ya gan shi.

Waɗanda suka yarda ba sakarkaru ba ne. Shugaban makaranta ya biya kuɗinsa, ya rubuta sunan makarantarsa a waya bai ga komai ba, ya kira yaron da ya yi aikin yana faɗa. Shi kuwa yaron duk igiyar da aka miƙo masa kamawa zai yi. Kuma akwai ƙanshin gaskiya a zancen. Google yana da manhajar da ke zagaya shafuka tana karantawa, Googlebot, kuma galibin zuwanta daga adireshin Amurka take yi. Wanda ya saita katangarsa ta tare duk baƙon da ba daga Nijar yake ba, yana ganin ya yi maganin ɓarayi, to ya kori Googlebot. Ya kuma kori Adarawan da suka tafi biɗa Abijan, Legas ko Libiya, waɗanda sau da yawa su ne ke aiko da kuɗin makarantar yaran. Haka idan kowane shafi sai an warware tambayar tantance mutum kafin ya buɗe, manhajar ba za ta wuce ba. Akwai kuma wani ɗan akwati a saitin WordPress da ke roƙon manhajojin bincike kada su jera shafin. Masu gini kan danna shi lokacin aiki su manta, shafi ya yi watanni a ɓoye saboda danni ɗaya.

Duk waɗannan kuskuren saiti ne, kowanne da gyaransa. Idan mai gadi ya kori ɗan aike, mai gadin ake yi wa bayani, ba a cire ƙyauren gida. A nan saƙon ya kauce hanya, don abin da ya ce a cire shi ne abin da Google ya daɗe yana nema. A watan Agustan 2014 kamfanin ya sanar cewa https na cikin abubuwan da yake dubawa wajen jera shafuka, ko da yake ya ce nauyinsa kaɗan ne. Daga Yulin 2018 manhajar Chrome ta fara rubuta wa duk shafin da ba shi da https cewa ba shi da tsaro. Wanda ya koma http bai ƙara wa kansa komai ba, sai dai ya sa uban yaro ya ga gargaɗi a daidai wurin da ake son ya rubuta lambar wayarsa. Kuɗi ma ba hujja ba ne, tunda Let's Encrypt kyauta take ba da takardar shaidar https. Abin lura kawai shi ne ba ta daɗewa, an saba da kwana 90, kuma idan sabuntawa ta tsaya shafin zai fara tsorata baƙi.

Za a ce wa zai damu da shafin wata ƙaramar makaranta a Tawa? Babu wanda ya zauna ya zaɓe ta. Manhajoji ne ke bin adireshi ɗaya bayan ɗaya, dare da rana, suna gwada kalmomin sirri da tsofaffin kafofi, ba su san Tawa ba balle su tausaya mata. In sun shiga, abin da aka saba gani shi ne su cusa ɗaruruwan shafukan caca ko tallan magunguna ƙarƙashin sunan mai shafin. Daga nan Google kan maƙala masa alamar cewa an yi masa kutse, ko Chrome ta tare baƙi da jan allo. Wato maganin da saƙon ya bayar yana iya jawo ainihin cutar da ake gudu, ga kuma sunayen yara, takardun haihuwa da lambobin iyaye a hannun wanda ba a sani ba. Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai sa ido a kanta, kuma nauyin yana kan wanda ya tara bayanan, ba kan mai saƙon murya ba.

Wani zai rantse cewa shi ya kashe komai kuma shafinsa ya fito. Yana iya yiwuwa. Ko dai cikin abubuwan da ya kashe akwai ƙa'idar nan ɗaya da ke tare Googlebot, ko kuma lokacin fitowar ne ya yi, domin Google da kansa ya ce sabon shafi kan ɗauki kwanaki zuwa makonni. Daga nesa ba wanda zai iya rabe maka wanne ne, amma akwai inda ake dubawa. A rubuta site: haɗe da adireshin shafin a wurin bincike, a ga abin da aka riga aka jera. A yi rajista da Search Console, kyauta ne, a sa adireshin: idan ya nuna 403, katanga ce ta hana, idan ya nuna noindex, umarnin mai shafin ne da kansa. Wajen buɗe wa Googlebot hanya kuma kada a dogara da suna kaɗai, kowane ɓarawo yana iya kiran kansa haka. Google ya wallafa jerin adireshinsa don a tantance.

Abin da saƙon bai ko ambata ba shi ne akwai abin da bai kamata Google ya gani ba. Wasu kan rubuta wurin da suka ajiye sakamakon jarrabawa ko jerin membobi a cikin robots.txt, suna zaton sun kulle shi. Fayil ɗin nan kowa na iya buɗe shi ya karanta, roƙo ne kawai ga manhajoji masu ladabi, kuma mai mugun nufi can yake fara leƙawa. Irin waɗannan takardu bayan kalmar sirri ake ajiye su, a bar wa Google sunan makaranta, unguwarta, ranar komawa da lambar ofis.