Diyyar Ma'aikacin Da Ya Ji Rauni A Wurin Aiki

Da zarar an kai amfanin gona gida, samari da magidanta da yawa sukan tafi ci-rani birni. Wasu sukan sami aiki a injin casar shinkafa, wasu a kamfanonin Sharaɗa da Bompai a Kano, wasu kuwa a wajen 'yan kwangilar gini. Irin waɗannan ayyuka suna da haɗari. Inji yakan cinye yatsu, tsani yakan karye da mutum. Abin da aka saba gani shi ne mai kamfani ya kai mutum asibiti, ya ba shi 'yan kuɗin mota, ya ce Allah ya sawwaƙe. Shi ke nan, sai mutum ya dawo ƙauye ba ya iya riƙe fartanya.

Ƙaddara gaskiya ce, amma irin wannan mutum yana da haƙƙi. A shekarar 2010 gwamnatin tarayya ta kafa Dokar Diyyar Ma'aikata, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1987. Hukumar da ke kula da wannan aiki ana kiran ta NSITF. Doka ta ce kowane mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kuɗi a asusun hukumar, Naira 1 cikin kowace Naira 100 ta albashin da yake biya. Daga aljihunsa zai biya. Laifi ne ya cire kuɗin daga albashin ma'aikaci.

Ba ma'aikacin ofis kaɗai dokar ta shafa ba. Lebura yana ciki, da ɗan koyo, da mai aikin wucin gadi, har da ɗan aikin gida wanda ba ɗan uwan maigidan ba ne. Ko da baki aka yi yarjejeniyar aiki, ba takarda, mutum yana ciki. Haɗarin da ya sami ma'aikaci a hanyarsa daga gida zuwa wurin aiki ma an lissafa shi. Haka nan ciwon da aikin ya jawo, kamar kurumta saboda ƙarar inji.

Inda mutane suka fi yin asara shi ne wajen jinkiri. Doka ta ba wanda ya ji rauni kwana 14 ya sanar da mai kamfani, ko manaja, ko shugaban leburori. Idan rai ya yi halinsa, iyalinsa ne za su sanar. Wanda ya bari kwanakin suka wuce ba tare da dalili mai ƙarfi ba, yana iya rasa diyyar. Ya fi kyau a rubuta sanarwar a takarda: sunan ma'aikaci, da ranar da abin ya faru, da wurin, da yadda ya faru. Ba a bukatar dogon Turanci. A nan ne zuwa ajin yaƙi da jahilci yake yin rana. A rubuta guda biyu, a ba da ɗaya, a ajiye ɗaya tare da katin asibiti da rasidin magani. A kuma riƙe sunayen waɗanda abin ya faru a gabansu.

Shi kuma mai kamfani dole ne ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7. Takardar neman diyya kuwa, ana cika ta cikin shekara ɗaya daga ranar da aka ji raunin.

Hukumar tana biyan kuɗin magani. Wanda ya nakasa har ba zai sake iya aiki ba, ana ba shi kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Misali, mai albashin Naira 70,000 zai riƙa karɓar Naira 63,000. Idan ma'aikaci ya rasu ya bar mata da 'ya'ya biyu ko fiye, su ma kashi 90 ne. Idan ɗa ɗaya ne, kashi 85.

Akwai masu kamfani da ba su yi rajista da hukumar ba. Irinsu ne suke gaggawar kawo takarda gadon asibiti, su ce a dangwala yatsa an yafe. Kada a dangwala sai an karanta, ko an sa amintacce ya karanta. Doka ma ta ce duk yarjejeniyar da ma'aikaci ya yi ta yafe diyyarsa ba ta da amfani. Idan mai kamfani ya ƙi kai rahoto, ma'aikaci ko ɗan uwansa ya tafi ofishin hukumar mafi kusa da takardunsa. Wanda bai gamsu da hukuncin hukumar ba yana da kwana 180 ya nemi ta sake duba maganar, daga nan kuma sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.