Lissafin da ke nuna yadda dabarar gyaran waya ke yawo daga baki zuwa baki

A kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano, yawancin dabarun gyara ba a rubuce suke ba. Wani ya gano dalilin da ya sa wata samfurin waya ke ƙin caji, ya faɗa wa na kusa da shi, shi ma ya faɗa wa yaronsa. Irin haka Julian Orr ya tarar a wurin masu gyaran injin kwafi na kamfanin Xerox a Amurka: a hira suke warware matsalolin da littafin kamfani bai ambata ba.

Masana lissafi suna auna wannan da dabarar da ake auna yaɗuwar annoba. A ɗauka akwai masu gyara 100. Saurin yaɗuwa ya dogara ne da adadin waɗanda suka sani sau adadin waɗanda ba su sani ba. Idan mutum ɗaya ne ya sani, 1 sau 99 ke nan. Idan rabi suka sani, 50 sau 50 ne, wato 2,500. Shi ya sa abin ke jan ƙafa da farko, ya yi gudu a tsakiya, sannan ya lafa.

Sai dai labari ya bambanta da cuta. A 1964, Daley da Kendall suka ƙara sharaɗi ɗaya: mai ba da labari yakan daina idan ya haɗu da wanda ya riga ya ji. Da wannan sharaɗin, kusan mutum ɗaya cikin biyar ba zai taɓa ji ba, ko da kowa na cuɗanya da kowa. Labarin yakan mutu ne saboda masu faɗa sun zaci kowa ya sani.

To ina ga mai gyara a Lambara, a jihar Sakkwato, wanda abokan sana'arsa na kusa ba su da yawa? Zai iya ɓata kwana biyu, ko ya ƙona wayar kwastoma, a kan matsalar da aka daɗe da warwarewa a Kano. Binciken Mark Granovetter na 1973 ya nuna cewa sabon bayani ya fi zuwa ta hannun wanda ake sani sama-sama, domin aminanka abin da ka sani su ma suka sani. A nan yaron da ake aike Sakkwato sayen kayan gyara zai iya fin ogansa kawo sabon abu. Zauren WhatsApp ma yana taimakawa, muddin ba 'yan gari ɗaya ne kaɗai a ciki ba.