Gurbin da babu kowa: yadda tawayar kiristal ke buɗe wa lantarki hanya

Duk wanda ya taɓa zama wurin masu dara ya san cewa gidajen da aka bari wayam su ne ke tafiyar da wasan. Da za a cike ramukan duka, da babu ɗan da zai motsa. Kusan haka lamarin yake a cikin oksid, wato sinadarin da ke samuwa idan ƙarfe ya haɗu da oksijin. Zarrorinsa suna jere sahu-sahu bisa tsari guda mai maimaita kansa, wanda ake kira kiristal. Muddin kowace zarra tana gurbinta, ba ragi ba ƙari, da wuya lantarki ya sami hanyar wucewa.

Masana suna kiran duk saɓanin wannan tsari da kalmar da ta fi kusa da "aibi". Ni dai na fi son "tawaya", domin aibi yana ɗauke da zargi, alhali abin da ake zance a kansa sau da yawa da gangan ake yin sa. A 1926 Yakov Frenkel ya bayyana zarrar da ke barin gurbinta ta maƙale tsakanin sahu. A 1930 kuma Wagner da Schottky suka shimfiɗa lissafin guraben da ke zama babu kowa.

Misalin da ya fi fito da batun fili shi ne zirkoniya. A cikinta kowace zarrar zirkoniyom tana da caji +4, kowace ta oksijin tana da -2, saboda haka biyu na oksijin ke daidaita ɗaya ta zirkoniyom. Zarra mai caji irin wannan ita ake kira iyon. To, idan aka cuɗa itiriyom mai caji +3, ya zauna a mazaunin zirkoniyom, lissafi ya tawaya. Kiristal ba ya yarda da bashin caji: duk itiriyom biyu da suka shiga, sai gurbin oksijin ɗaya ya zama wayam. Idan zafi ya yi yawa, iyon ɗin oksijin da ke maƙwabtaka sai ya tsallaka ciki, ya bar nasa gurbin ga na bayansa. A nan zarrorin da kansu ne ke tafiya ɗauke da caji, ba kamar wayar tagulla ba, inda ilektaron kaɗai ke gudu.

Walther Nernst na Jamus ya yi fitila da wannan haɗi tun 1897, kafin a fahimci sirrinsa. Sai an fara ɗumama sandar fitilar kafin ta kama, domin a sanyi iyon ba ya iya tsallake. A 1976 Bosch ya sa zirkoniya cikin ma'aunin oksijin na bututun hayaƙin motocin Volvo. Fuska ɗaya tana kallon hayaƙi, ɗayar tana kallon iska. Bambancin oksijin tsakaninsu yana haifar da ƙarfin lantarki da bai kai volt 1 ba, kuma da shi ake daidaita man da injin ke sha.

Sai dai yawan gurbi ba shi ne yawan gudu ba. Wucewar iyon tana kai ƙololuwa idan oksid ɗin itiriyom ya kai wajen kashi 8 cikin 100. Daga nan sai ta fara raguwa, saboda guraben suna manne wa itiriyom, suna taruwa wuri guda, su daina yawo.

Akwai kuma tawayar da ke sakin ilektaron. Oksid ɗin titaniyom fari ne fat, shi ake sa wa fenti, kuma ba ya barin lantarki ya wuce. Idan aka gasa shi inda oksijin ya yi ƙaranci, kowace zarrar oksijin da ta fice tana barin ilektaron biyu a baya. Launinsa ya koma shuɗi mai duhu, lantarki ya sami hanya. Uraniyom ɗin da ake haƙowa a Arlit ma a matsayin oksid yake shiga tashoshin nukiliya, tsarin kiristal ɗinsa kuma iri ɗaya ne da na zirkoniyar da aka cuɗa da itiriyom. Amma tasa tawayar ta ƙari ce: yana karɓar oksijin fiye da ƙa'ida, ya cusa shi tsakanin sahu, kuma da hakan wucewar lantarki a cikinsa take ƙaruwa.